Ranar da Akwatin Rhoda Ya Yi Shiru

Ruwan da aka kwana ana zubawa bai ɗauke ba sai da gari ya waye, kuma kafin hantsi ya ɗaga labari ya gama zaga Trikania: an sace Baba Bulus.

Sunana Wilson, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, sakataren 'yan sintirin unguwa. Ina cikin shan koko Jethro ya buga mini ƙofa da sandarsa. Mutumin Kagoro ne, ya yi farauta tun yana saurayi, ya yi aikin gandun daji har ya yi ritaya. Akuya ta ɓace, shi ake kira. Ɓarawo ya haura katanga, shi ake kira ya bi sawu. Gwiwa ce ta gaza masa, ido kam yana nan. Ni nake goya shi a babur duk inda za shi, kuma har yau bai taɓa ce mini sannu da tuƙi ba.

Baba Bulus ya ƙarar da ƙarfinsa a wata masaƙa a Kakuri, har ranar da aka rufe ta. Da tsufa ya taɓa masa tunani, sai ya manta da rufewar. Kusan kowace safiya zai sa kakinsa ya nufi ƙofa, wai zai makara aiki. 'Yarsa Rhoda, malamar kimiyya da ke aure a Sabon Tasha, ita ta nemo dabara. Mace ce da teburin ɗakinta kullum cike yake da dalma da ƙananan kayan lantarki. Ta samu wani allo da bai fi tafin hannu ba, Arduino take ce masa, ta rubuta masa umarni a kwamfuta, ta sa shi cikin robar abinci ta kafa a jikin ginshiƙin ƙofa. Maganaɗisu a ƙyaure, tsohon ham ɗin babur a sama, ɗan faifan sola a kan rufi da batirinsa. In aka buɗe ƙofa ba a danna wani madanni da ta ɓoye ba, akwatin zai kurma ihu, ya kuma aika saƙo wayarta. Mutanen gida sun san madannin, Baba ne kaɗai bai sani ba. Mun yi mata dariya da farko, amma wallahi abin ya sha tare tsohon nan a bakin ƙofa.

Yanzu ga ginshiƙin tsirara, igiyoyi na reto, ba akwati, ba Baba.

Babban ɗansa Samson yana tsakiyar layi, waya a kunne, yana kiran samari ɗaya bayan ɗaya.

"Sai da suka cire na'urar sannan suka ɗauke shi! Da idona na ga mai keken nan a ƙofarmu!"

Abubakar yake nufi, mai keke napep daga Tudun Wada, wanda ya yi shekaru yana kai Baba asibiti. Samari sun tare shi a bakin titi, suka ga hular aikin Baba a bayan kujera, shi ke nan. Sun fasa masa baki kafin mai unguwa ya ƙwace shi ya kulle a ofishinmu. 'Yan sanda sun zo, amma taron ya yi yawa, ba halin fita da shi. Duk wanda ya zauna a Kaduna tun rikicin da ya biyo bayan komawar sojoji bariki ya san abin da nake tsoro. Kogi ya raba mu, su can mu nan. In aka kashe Musulmi ɗaya a kudancin gada da rana, ba shi kaɗai za a binne ba. Samarin sun ce sun ba mu zuwa faɗuwar rana.

*

"Ku ja baya!" Jethro ya daka wa taron da ke ƙofar gidan Baba Bulus tsawa. "Kun tattake mini ƙasa kamar garken shanu."

Gaskiyarsa, bakin ƙofar ya zama kwaɓaɓɓen taɓo. Sai ya shiga daga ciki, ya tsuguna da ƙyar a gindin ginshiƙin, ya daɗe yana kallo. Ya tsinci wasu tsinkayen tsintsiya a cikin lakar ya sa a aljihu. Ban tambaye shi dalili ba, na san halin kayana.

Edith, matar Samson, tana zaune a ƙofar kicin, idanu sun kumbura. Ita ke wanke Baba, ita ke ba shi abinci a baki.

"An ce kin taɓa cewa sai kin fasa akwatin nan," in ji Jethro.

"Na faɗa, Baba Jethro, ba zan yi ƙarya ba. Ihunsa har cikin haƙorina nake ji. Amma ni da nake iya shiga wanka hankali kwance saboda shi? Yesu ne shaidata, ban taɓa shi ba."

"Ina kike da safe?"

"Ruwa na ɗaukewa na fita neman gawayi, namu ya jiƙe. Na danna madanni na ja ƙofa, Baba yana barci. Ina dawowa na tarar da maigidan yana ihu."

"Kin yi shara yau?"

Ta kalle shi kamar ya zage ta. "Shara a kan laka, Baba? Ai sai rana ta busar."

"Ke kika kira Rhoda?"

"Da me? Taransifoma ta ƙone tun makon jiya. Wayata ta daɗe da mutuwa. Ta maigidan ma jiya da yamma ta ɗauke, ya yi ta mita, don yana jiran kiran aikin gadi a Kudenda."

Jethro ya gyaɗa kai ya miƙe. Ni kuwa a raina na riga na ɗora wa Edith laifi, don na sha jin ta tana tsine wa akwatin.

*

Daga jikin katangar maƙwabta, inda ƙafar jama'a ba ta kai ba, Jethro ya kama sawun. Silifas ne babba, ƙafar hagu tana ja.

"Shi ne," ya ce. "Dubi gefensa, Wilson. Wa ka gani?"

"Ba kowa."

"To. Wanda ake ja da ƙarfi, dunduniya yake kafewa. Wannan sauri yake yi, ya makara."

A kwanar layi ya nuna mini shatin tayoyin keke, guda uku, sun bi ta kan sawun sun danne shi. Wato Baba ya riga ya wuce kafin Abubakar ya iso.

Muka bar babur muka bi layin dogo a ƙafa, yana dogara sanda, ni ina haki a bayansa. Sawun ya sauka wata 'yar hanya da ma'aikatan masaƙa ke yankewa a da. A can ƙasa akwai rafi, wanda da rani ko yaro zai tsallake shi. Ranar ya cika ya batse, ja wur. Sawun ya shiga ruwan kai tsaye, bai ko tsaya shawara ba, kuma bai fito ta wancan gefen ba.

A bakin kwalbati muka same shi, ciyawa ta riƙe shi. Kakinsa a jiki, maɓalli har wuya, yadda ya saba fita aiki. Jethro ya cire hularsa ya yi addu'a a hankali. Ni kuka na yi, ba na jin kunyar faɗa. Mutumin nan ya riƙe mini ɗana ranar baftisma.

Muka sa aka kai shi ɗakin ajiye gawa na asibiti. Na ɗauka magana ta ƙare, tunda ƙasa ta ce shi kaɗai ya tafi. Ina! Labarin mutuwar ma sai ya ƙara wa wutar fetur.

"Jefa shi suka yi!" in ji shugaban samarin, wani dogo mai jan ido. "Baba Jethro, ka bar mu da zancen sawu. Tsohon da ba ya gane sunan 'ya'yansa, shi ya fizge na'ura daga bango? In ba mai keken ba ne, wa ya cire ta?"

Na ji kamar in kwaɗa masa mari, amma tambayarsa tana kan hanya. Muddin ba a san wanda ya cire akwatin ba, Abubakar bai tsira ba.

*

Ta tagar ofis muka yi magana da Abubakar. Leɓe ya kumbura, riga a yage.

Jethro ya ce, "Malam Abubakar, yau ba ranar asibiti ba ce. Me ya kawo ka?"

"Hular Baba Bulus na kawo. Ya manta ta a kekena. Na yi sallama a ƙofa, Samson ya leƙo ya ce in tafi, ba lokacina ba ne. Sai na juya."

"Ƙofar a buɗe take?"

"A buɗe."

"Ka ga akwatin?"

"Yana nan. Na ma yi mamaki, ƙofa a buɗe bai yi ihu ba." Ya riƙe ƙarfen tagar. "An ga Baba kuwa?"

Jethro ya sunkuyar da kai. Ni na faɗa masa. Ya zame ya zauna a ƙasa yana salati, bai ƙara tambayar abin da za a yi da shi ba.

*

Mun koma gidan muka tarar da Rhoda ta iso, tana tsaye gaban ginshiƙin kamar an dasa ta.

"Ni na kashe shi, Baba Jethro," ta ce. "Na ce musu su kwantar da hankali, akwati na gadi. Ko saƙo ɗaya bai aiko mini ba."

"Ki ajiye kukan tukuna, 'yata. Ni ƙasa na iya karantawa, wannan kuwa yarenki ne. Karanta mini."

Ta share ido ta kama igiyoyin. Sirara biyu, na maganaɗisu da na ham, an tsinke su da ƙarfi, tagulla a waje. Ta kama na ukun, baƙin kebul mai kauri da ya sauko daga batir, sai ta tsaya.

"Wannan ba a tsinke shi ba. Kansa lafiya lau, zare shi aka yi." Ta leƙa bayan ginshiƙin. "Na naɗe bakinsa da baƙin salatif don kada ya fita. Ga salatif ɗin nan, an warware shi a hankali, an manna a jikin ƙarfe."

"Me ya sa mutum zai adana salatif?"

"Don zai mayar."

"Ɓarawo yana mayarwa?"

Ta girgiza kai. Ta ɗaga ido sama, ga sola ga batir, ba wanda ya taɓa su, alhali su ne abin sayarwa a duk haɗin.

"In an zare kebul ɗin, akwatin zai yi ihu?"

"A'a. Ba wuta, ba ihu, ba saƙo. Kamar an rufe masa baki ne."

"Ban da akwatinki, me kuma bakin nan yake shiga?"

Na ga lokacin da amsar ta zo mata. Ta saki kebul ɗin kamar ya ƙone ta.

"Na cajar waya ne, Baba. Da shi na haɗa, don shi ne a hannuna."

*

Rana ta yi sanyi lokacin da Jethro ya tara mu a tsakar gidan: mai unguwa, ɗan sanda ɗaya, shugaban samari da mutum biyu nasa, Rhoda, Edith da Samson. A waje ana jin hayaniyar sauran, wasu har sun fara tara tayoyi.

Ya fito da tsinkayen nan daga aljihu ya zube a kan turmi.

"An share gindin ginshiƙin can yau da safe, a kan laka. Ɗan fashi ba ya yi wa mutane shara. Edith, nuna mana yadda kike yi."

Ta ɗauko tsintsiyar, ta ga ɗaurin ya saki, ba ta ma san ta yi ba ta buga gindinta a tafin hannu ta matse ɗaurin, sannan ta duƙa ta ja daga ciki zuwa ƙofa.

"Kun gani. Mace takan buga gindin tsintsiya kafin ta fara, kuma waje take kora datti. Wanda ya yi ta safe bai buga ba, shi ya sa ta yi ta zubar masa da tsinke. Kuma daga ƙofa ya jawo zuwa cikin gida. Namiji ne, wanda bai saba ba, yana goge sawunsa."

Ya juya ya dubi Edith da Samson.

"Yanzu mutanen gidan nan su ajiye wayoyinsu a nan."

Edith ta kawo tata, baƙa ƙirin, ko an danna ba ta motsi. Samson ya tsaya yana kallon bango.

"Samson."

"Baba Jethro, mahaifina ne fa ya mutu. Ni za a tsare da tambaya, ga mai laifi can a kulle?"

"Ajiye."

Ya ajiye. Fuskar wayar ta kawo haske.

"Matarka ta ce jiya da yamma ta ɗauke. Unguwa ba wuta. Tun da ruwa ya tsaya, sawun Edith ne ya fita daga gidan nan, sai na Baba, naka bai taka waje ba sai da ka fito kana ihu. Amma da wayar nan ka tara mana samarin Trikania kaf. A ina ta sha wuta, ɗana?"

Rhoda ta matso gaban Samson.

"Yaya," ta ce, muryarta ƙasa ƙasa. "Ka cire wa akwatin wuta?"

Sai Samson ya durƙusa cikin lakar.

"Na ɗan lokaci ne, Rhoda. Masu aikin gadin sun ce yau da safe za su kira. Shekara nawa ina zaune, matata ke ciyar da ni? Na leƙa, yana barci. Na jona wayar na ɗora a kan akwatin na shiga wanka, na ce ina fitowa zan mayar. Na fito na ga ƙofa a buɗe." Ya kama kansa da hannu biyu. "Na tsaya na rasa abin yi, sai ga Abubakar yana sallama. Na san za ki zo ki ga salatif, ki gane. Yana juyawa na fizge akwatin."

"Da ka bi shi a lokacin," in ji Jethro, "da ka cim masa kafin layin dogo. Tsoho ne mai jan ƙafa."

Wannan maganar ta fi duka ciwo, kuma ban ga laifin Jethro da ya faɗe ta ba.

"Ka bar wannan ma," na ce, don na kasa haƙuri. "Kuskure ne, kowa a garin nan ya taɓa zare wani abu ya jona waya. Amma ka nuna bawan Allah da yatsa, kana kallo ana fasa masa baki? Ka san me zai faru a garin nan da sun kashe shi?"

Samson ya nuna durom ɗin ruwan sama da ke bayan kicin. Shugaban samarin da kansa ya naɗe hannun riga ya lalubo robar akwatin, ruwa na zuba daga cikinta. Ya tsaya riƙe da ita, jan idon nan ya koma na yaron da aka kama da sata.

Daidai nan wayar da ke kan turmi ta fara ƙara. Ban san ko kiran aikin ne ba. Ba wanda ya ɗaga, muna ji har ta gaji ta yi shiru.

Jethro ya dubi shugaban samarin. "Kai ka tara su, kai za ka fita ka faɗa musu. Ka ɗaga akwatin sama kowa ya gani."

*

Kafin magariba taron ya watse, kowa ya sulale kamar ba shi ya ɗauko dutse ba. Ɗan sandan ya tafi da Samson. Rhoda ta zauna a ƙofar ɗakin mahaifinta, ta buɗe robar tana goge allon da bakin zanenta, Edith na gefenta.

Ni da Jethro muka raka Abubakar, yana gaba a kekensa da gilashi a fashe, muna biye a babur. Da muka kusa gada ya tsaya a gefen titi ya sauko.

"Malam Abubakar, ka yafe mana," na ce. Kunya ta hana ni kallon bakinsa.

"Allah ya yafe mana duka. Da Baba ya jira ni kaɗan, da na kai shi."

"Ka kai shi ina?"

"Masaƙar. Duk ranar asibiti, in muna dawowa, sai na zaga da shi ta ƙofarta. Ya sa hularsa ya sauka, ya ga kwaɗo ya yi tsatsa, ya ce, 'Af, Abubakar, ashe yau hutu ne, mu koma gida.' Ranar lafiya yake wuni. Ban taɓa gaya wa 'ya'yansa ba, kada su ce ina wasa da hankalinsa."

Ya miƙa hannu bayan kujera ya ɗauko hular, wadda mai unguwa ya mayar masa da sauran kayansa. Shuɗiya ce, ta koɗe, ga tambarin masaƙar da ƙyar ake gani. Ya karkaɗe ta a gwiwa ya ba Jethro da hannu biyu.

"Ku sa masa in za a rufe shi. Ba ya son zuwa aiki ba hula."

Ya tayar da keken ya hau gada. Mun tsaya har ya ɓace cikin motoci. Mun sa wa Baba Bulus hularsa ranar jana'iza, na yi ta waiwaye a maƙabarta ko zan hango rawayen keke a bakin hanya. Tun daga ranar Abubakar bai sake tsallako kogin nan ba.